Sun Girmama Kawu Har Ya Rasa Abokin Ci

Na Allah muke, gare shi za mu koma, Kawu dai ya riga mu tafiya. Ya rasu a Rillieux-la-Pape, can arewacin Lyon, a gidan ɗiyarsa, cikin ɗakin da ke ƙarshen lungu. Na sauko daga jirgin Paris na tarar an riga an kai shi, falo ya cika maƙil da 'yan gaisuwa, takalma sun taru a bakin ƙofa har sai an tsallaka.

Na samu wuri kusa da ƙofa na zauna ina sauraro. Wata Hajiya ta ce, "Wallahi an riƙe tsohon nan. Ni da idona na ga tiren da ake kai masa, kwanoni a jere, kowane da murfinsa." Wani Alhaji da ya zo daga Paris da motar ofis ya karɓe, "Suruki irin wannan ai sai an tona. Bai taɓa ɗaga ido ya dube shi ba." Kowa ya ce masha Allah. Aka shigo da farantan shinkafa da naman rago, maza suka kewaye su, hannuwa suka yi ta shiga da fita, ana hira ƙasa-ƙasa, wani ma har ya yi dariya ya rufe baki.

Ni kuwa amin kawai nake cewa. Abin da suke yabo shi ne abin da ya ƙarar da shi. Kawu ya yi shekarunsa na ƙarshe yana cin abinci shi kaɗai, a bayan rufaffiyar ƙofa, alhali akwai tebur da mutane a wannan falon da muke zaune. Abu guda yake so a duniya, a sa hannu tare da shi a kwano, kuma an hana shi da sunan ladabi. Wannan ne ya sa nake rubutu, don kada a binne shi da yabon da ya fi zagi ciwo.

Kawu yayan mahaifiyata ne, mutumin Damagaram. Mushen Ingilishi ne, wato malami, a lise, babbar sakandare, kafin ya zo Faransa, kuma tun a gida ake tsokanarsa, wai me ya haɗa ɗan Nijar da Ingilishi, ga Faransanci a gindinsa. Daga baya ya samu aikin tafinta a wata ƙungiyar ƙasa da ƙasa a Paris, ya zauna a Saint-Denis da matarsa, wadda dukanmu muke kira Inna. A gidansu na sauka lokacin da na zo karatu, a nan kuma na san cewa mutum zai iya haukacewa a kan maganganun abinci na wani harshe.

Kowace Lahadi gidan cika yake da ɗalibai. Ana shimfiɗa leda a tsakar falo, a ɗora babban tire, Kawu ya zauna a tsakiyarmu da hannun riga a naɗe. Nama daga wani abokinsa yake zuwa, mutumin Tawa da ke aikin sauke kaya a kasuwar Rungis. Kawu yana da doka guda: ba ya buɗe baki da labari sai kowa ya sa hannu. In ka noƙe don kunya, sai ya zuba maka ido. "Sa hannu tukuna. Ni ban yi wa mai kallo darasi."

In an sa hannu kuwa sai darasi ya tashi. Zai ce, Turawan Ingila in sun ce dozin ɗin mai burodi, sha uku suke nufi, ba sha biyu ba. Me ya sa? Domin a zamanin da akwai doka mai tsanani a kan nauyin burodi, mai gashi yana tsoron a auna a ga ya tauye, sai ya ƙara guda. Sai ya nuna mu da ƙashi, "Mu gyara muke cewa. Amma mai tumatir a kasuwar Damagaram don ka dawo gobe take yi maka gyara, shi wannan don tsoron hukunci ne. Voilà, ku gane bambanci."

Ya raba maganganun gida biyu. Akwai masu shaida, akwai waɗanda yake kira labarin bakin tire, masu daɗin ji amma ba su da gindi. In Bature ya ce wani ya zubar da wake, yana nufin ya tona asiri, kuma ana cewa daga Girkawan da ke jefa wake a tulu lokacin zaɓe aka samo. Kawu zai ba da labarin da daɗi har ka ga tulun, sannan ya ce, "Na bakin tire ne, kada wanda ya kai shi jarrabawa." Haka ma kafaɗa mai sanyi, wadda suke cewa an ba mutum in an yi masa shariya. Ana cewa baƙon da ya daɗe ne ake ba kafaɗar rago da ta kwana don ya gane ya tafi. Ranar da ya ba mu wannan, kafaɗar rago ya sa Inna ta gasa, da zafinta, ya ce mu ci mu tabbatar ba korarmu yake yi ba.

Ba waliyyi ba ne, kada in yi masa ƙarya yanzu da ba ya nan. Yana da taurin kai da son a ce shi ne daidai. Akwai wani Alhaji ɗan Nijeriya, ma'aikacin jakadanci, da ke zuwa cin Lahadi, su biyun kuma ba sa rabuwa ba su yi musu ba. Wata rana Kawu yana bayanin yadda Turawa ke cewa mutum ya cancanci gishirinsa, ya ce asalinsa sojojin Rum ne da ake biya da gishiri. Alhajin ya lashe yatsa ya ce, "Malam, sorry, wannan ba shi da hujja. Labarin bakin tire ne, irin naka."

Kawu ya tashi tsaye. "Kai za ka koya mini? Don an haife ka inda ake kiran mota da Ingilishi?"

"Ni dai na ce ka kawo hujja."

Makonni Kawu bai yi masa magana ba. Yana dawowa daga aiki sai ya wuce ɗakin karatu, ya dawo fuska a murtuke, Inna tana yi mana alama da ido kada wanda ya tanka. Sai wata Lahadi ya buga wa Alhajin waya da kansa ya ce ya zo. Aka buɗe tire, sai ga kayan ciki zalla, hanta da tumbi da huhu. Kawu ya ce, a Ingila ta da, in manya sun yi farauta sun ci naman barewa, kayan cikin ake cusawa a ƙullin fulawa a gasa, kuma har yau in mutum ya ƙasƙantar da kai ya amsa kuskurensa, sai su ce wannan abincin ya ci. Ya ɗebi loma ya kai baki a gabanmu duka, ya haɗiye, ya ce, "Alhaji, na nema ban samu hujja ba. Kai ne da gaskiya. Amma kada ka saba." Alhajin ya yi dariya har da hawaye, ya cinye tumbin kusan shi kaɗai.

Akwai kuma ranar da aka aiko wa wani ɗalibi cewa mahaifinsa ya rasu a Maradi, ga shi ba halin tafiya. Bai zo cin Lahadi ba. Kawu ya duba bai gan shi ba, ya ce a rufe tukunya. Ya naɗe ta da tsohon zanen Inna, ya rungume ta, muka bi shi a layi muka shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, mai lamba sha uku, miya tana ƙamshi, Faransawa suna kallonmu. A ɗan ɗakin ɗalibin muka zauna, wasu a kan gado wasu a ƙasa. Ranar Kawu bai ba da labarin komai ba, sai tura nama da yake yi gaban maraya yana cewa, "Ci. Muna nan."

Wannan mutumin ne aka kai ƙuryar ɗaki. Inna ta rasu, ƙafafunsa suka fara gaza matakala, ɗiyarsa ta ce ba za ta bar shi a Saint-Denis shi kaɗai ba. Ba wanda ya ga laifinta, ni ma na taya ta ɗaure kaya. Mijinta injiniya ne, mutumin Maradi, mai salla da sanyin hali, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba. In zai gaida Kawu har ƙasa yake durƙusawa, ba ya kiran sunansa, ba ya haɗa ido da shi. Kuma kamar yadda aka tarbiyyantar da shi, ba ya cin abinci a gaban surukinsa, ko ruwa ba ya sha.

To, a gida wannan kunyar ba ta cutar da kowa. Dattijo yana da zaure, yana da sa'o'insa, in an fito da tuwo maƙwabci zai shigo da nasa kwanon, mai wucewa ma a kira shi. Suruki ya kauce, ba wanda zai lura, don wurin cike yake. Amma a saman bene a Rillieux ina zauren yake? Ina sa'o'in? Sun ɗauko kunyar tun daga Maradi sun hawo da ita bene, sun baro zauren a can. Sai aka yanke cewa za a riƙa kai wa Baba nasa a ɗaki, shi ne farko, da mafi kyawun nama, a jawo masa ƙofa. Jikoki ma in sun leƙa sai uwarsu ta kore su, wai su bar Kaka ya ci cikin natsuwa. Yana jin ƙarar cokula da dariyarsu ta bango.

Ni da ɗiyar Kawu taubasai ne, akwai wasa tsakaninmu, don haka da wasa na fara. Na ce mata, "Ke, wane laifi tsohon nan ya yi kuka ɗaure shi? Ko lauya za mu nemo masa?" Ta yi dariya ta jefe ni da tsumma. Da na sake zuwa na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa, wasa ya ƙare. Na same ta a kicin.

"Ku fito da shi tebur."

"Haba, kai ma ka san ba ya yiwuwa. Maigidan ba zai iya haɗiye ko loma ba."

"To shi ya shiga ɗaki da tire, Kawu ya zauna da yara."

"A gidansa? Tu es sérieux, da gaske kake? Mutane su ce mi?"

"Waɗanne mutane? Wa ke hawowa nan ya duba?"

"Kai ba ka san wahalar da nake ba," ta ce, idonta ya ciko. "Tun asuba nake tsaye, in dafa na Baba dabam, in tafi aiki, in dawo in dafa wani. Me ya rasa?"

Na ce mata abokin ci ya rasa. Ta ce wannan maganar 'yan boko ce. Na ce to a ba ni shi in koma da shi Saint-Denis, ɗakina ƙarami ne amma tsoffin ɗalibansa suna nan, Lahadi ba ta mutu ba. Ta ce sai dai bayan ranta, uba yana da ɗiya a raye a ce ɗan ƙanwarsa ke riƙonsa. Na tare mijin a gindin bene na yi masa maganar, ya saurare ni kai a sunkuye, ya ce, "Wallahi Baba ya fi ƙarfin in zauna in tauna a gabansa. Ka yi mini afuwa." Da gaske yake, wannan ne ya fi ƙona mini rai. Da mugu ne da na san yadda zan yi da shi.

Shi ma Kawun bai taimake ni ba, kuma har yau ina jin haushinsa a kan haka. Mutumin da ya tashi tsaye a kan gishirin Rumawa ya kasa buɗe baki a kan cikinsa. "Kada ka tada musu hankali," yake cewa. "Yaron kirki ne. Girmama ni yake yi." Dattijo ba ya cewa yana kewa, ba ya roƙon a zauna da shi, musamman a gidan suruki. Kunya ta kama su duka, kowa yana tsaye a inda aka koya masa.

Duk sanda na samu hutu nakan hau jirgi in je. In shiga ɗakin, in jawo kujera, in wanke hannu. Ranar sai ya cinye kwanon tas ya nemi ƙari, ɗiyarsa ta yi ta mamaki tana cewa yau miyar ta yi masa daɗi. A irin wannan zaman ne ya ba ni labarin gishirin tebur. Ya ce a manyan gidajen Ingila na da, ana ajiye mazubin gishiri a tsakiyar dogon tebur, masu daraja su zauna ta sama da shi kusa da maigida, ƙananan mutane ta ƙasa, shi ya sa har yanzu in an ce mutum yana ƙasan gishiri, an raina shi ke nan. Ya ce wannan mai shaida ne. Ya juya loma, sannan ya ce, "Na ƙasan gishirin nan fa, ko ba komai yana kan teburin. Ni an yi sama da ni har na fita daga ɗakin." Ya yi 'yar dariya don kada in ɗauka ƙorafi ne, ni kuwa ban taya shi ba.

Ya ci gaba da ramewa. Aka kai shi asibiti, likita ya duba ya ce bai ga wani abu ba bayan tsufa, a dai matsa masa ya ci. Ɗiyarsa ta shiga sauya girki, yau tuwo da miyar kuka, gobe dambu, ta sa aka aiko da kilishi daga Damagaram, ta dama fura da nonon kanti. Tire ya riƙa shiga a cike yana fitowa kusan a cike. Ta yi kuka, ta yi addu'a, ta nemo rubutu aka wanke aka ba shi. Komai ta gwada ban da buɗe ƙofar.

Wata Juma'a da yamma ya kira ni a waya, muryarsa da ƙarfi irin na da. Bai tsaya doguwar gaisuwa ba. "Jibi Lahadi," ya ce, "in sun zauna cin rana, fita zan yi da tirena. Gidan ɗiyata ne, ba gidan baƙi ba. Na ma shirya wa yaran labari, na wani Bature da aka ce ya fi kokwamba sanyi." Na ce Kawu, Allah ya yi maka albarka, tun yaushe nake jiran wannan. Na kwana ina murna kamar an yi mini bushara.

Ran Litinin na kira na tambaye shi yaya aka yi. Ya ce, "Lafiya lau." Na ce yaran sun ji labarin? Ya tambaye ni ko ana ruwa a Paris. Daga ranar bai ƙara ba ni labarin wata magana ba, in na tsokano shi sai ya ce ya manta. Ban samu hutun zuwa ba har aka kira ni aka ce ya cika.

A sadakar bakwai na ji sauran. An yi addu'a an shafa, an kawo abinci, sai yayan surukin, wanda ya zo daga Marseille, ya gyara murya ya ce yana so ya ba da shaida a kan ƙanensa. Ya ce, "Jama'a, tarbiyya ba ta ɓata ba ko a ƙasar Turawa. Kwanan baya marigayi ya fito falo da tirensa a hannu, suna tsakiyar cin abinci. Wallahi ƙanena loma na hannunsa ya ajiye. Ya miƙe, ya ja wa Baba kujerar kan tebur, ya tattara yaran da kwanoninsu, suka koma kicin, suka bar masa falon gaba ɗaya. Ko tari ba wanda ya yi har ya gama. Wa ke yin wannan yau?"

Falo ya ɗauka da masha Allah. Hajiyar nan ta share hawaye. Surukin ya sunkuyar da kai don kunyar yabo. Ni hannuna na cikin faranti, na zare shi, na tashi na shiga kicin. Taubashiyata tana tsaye tana kwashe shinkafa.

Na ce, "Ranar da ya fito, ya ci?"

Ba ta juyo ba. "Ya ɗan zauna."

"Na ce ya ci?"

"Bai buɗe kwanon ba. Ya zauna yana kallon kujeru, sai ya ɗauki tiren ya koma."

"Da sandarsa? Ba wanda ya karɓar masa?"

"Na zo zan karɓa ya hana ni. Ya ce in koma in ci abincina kada ya huce."

Sai a lokacin ta ajiye ludayin ta dube ni, na ga ta daɗe da sanin abin da na zo faɗa mata. Na ɗauki jakata na sauka, ban yi sallama da kowa ba.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa taurin kansa da shirunsa, ya haskaka makwancinsa, ya tashe shi cikin jama'a masu yawa da surutu. Su kuma masu ladabi, na san ba mugunta suka yi ba, na san sun yi masa kuka na gaskiya. Addu'arsu tana nan zan yi musu, amma ba yau ba, ban gama fushi ba.